Ranar da Kawu Delbert Ya Ara Mini Belinsa

Kawu Delbert ƙanen mahaifiyata ne, mai walda a birnin Toledo na Amurka, shekararsa sittin da ɗaya. Bai iya iyo ba, amma duk shekara sai ya shiga kogin Maumee har ƙugu. Da ƙanƙara ta narke zai fara zarya bakin ruwa da ma'aunin zafi ɗaure da zare. Ranar da ruwan ya ɗan saki sanyi, walai, kifin nan mai ido kamar gilashi, zai hauro daga tafki don yin ƙwai. Kawu kuwa sai ya rufe shago, ko motar wa ke ciki.

Bana ya tafi da ni, wai tunda na gudo daga makaranta in zo in koyi tsayuwa wuri ɗaya. Muka sa wandunan roba masu kaiwa ƙirji. Nawa ya yi mini yawa.

"Kawu, ara mini belinka mana in ɗaure ƙugu. Kai ai tumbinka ya isa ya riƙe."

"Ɗan banza," ya ce, ya kwance ya miƙo mini. Ban san belin ne ke hana ruwa cika wandon ba. Shi ya sani.

Muka shiga layin masunta, kafaɗa da kafaɗa, kowa na jefa ƙugiya. Wajen hantsi kifi ya ja zarensa. Ya ɗaga ƙafa ya taka dutse mai santsi, sai kawai ya zauna. Ruwa ya kwarara ta ƙirjin wandon, ya juya shi, ya fara tafiya da shi. Bai yi ihu ba. Idonsa kawai na gani.

Na cafko igiyar wandon da ke rataye a kafaɗarsa. Kamar na riƙe saniya. Ƙafafuna suka fara zamewa, sanyin ya ɗauke mini numfashi.

"Kar ka bari ya kama wuyanka," in ji wata dattijuwa da ke gefena. Ta damƙe belin da ke ƙuguna, wani ya damƙe ta, haka aka yi ta ja da baya har tudu.

Da wuƙa aka tsaga wandon. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙora na karo. Aka lulluɓe shi da rigunan mutane, aka sa shi a mota.

"Trent," ya ce da ƙyar, "kar ka gaya wa mamanka."

Na nemi abin tsokana na rasa. Na sa makulli na tayar da motar, belinsa na nan a ƙuguna.