Cutar da Babanmu Ya Kira Kwangila

Lokacin korona ina ƙaramar yarinya 'yar firamare a Azare, sarkin surutu da kwaikwayon manya. Babanmu ɗan kamasho ne a tasha, kuma duk kalmar da ya kwaso a can a bakina take kwana. Motar da ta cika su ce ta ƙoshi, fasinja mai taurin ciniki kuwa ƙashi ne. Da gwamnati ta rufe hanyoyi, tasha ta mutu murus. Kullum rediyo na cewa an raba kayan tallafi, mu ko ƙwayar shinkafa ba mu gani ba. Haushi ya sa 'yan tasha suka laƙaba wa cutar suna kwangila, wai manya ne suka ƙirƙiro ta don su ci. Ni ma na riƙa bin unguwa ina tsokanar masu takunkumi da sunan, Baba yana dariya.

Ana haka kakata, mahaifiyar Baba, ta kwanta. Tari ya sarƙe ta, numfashinta har tsakar gida ana jin sa. Inna, mahaifiyata, ta yi ta roƙo a kai ta asibiti. Baba ya ce ba zai miƙa uwarsa a killace ta a cike lissafin kwangila da ita ba. Kawuna ya zo da keke napep ɗinsa har ƙofar gida, Baba ya kore shi. Ni ke yi wa kakata fifita, ina kallon leɓɓanta suna bushewa. Ranar da ta kasa amsa sallamar Baba, da kansa ya ɗauke ta a guje, ko takalmi babu. Ba su kai ƙofar asibiti ba ta cika a jikinsa.

Har yau ban san ko korona ce ta ɗauke ta ba, domin ba a gwada ba, kuma abin yana ci mini rai. Haushin Baba gaskiya ne, an bar mu da yunwa. Amma gwamnatin da ya yi fushi da ita ba ta ma san mun yi rashi ba. Don Allah, komai takaicinku da hukuma, kada ku huce a kan majinyacinku. A wajen zaman makoki wani abokinsa na tasha ya soma zancen kwangila, Baba ya miƙe ya shige gida. Ban sake jin kalmar a bakinsa ba.