Jinjina ga Matar da Ta Ɗaure Babban Likita a Kujera

Kafin kowa ya iso, Inna Mai Saiti ta riga ta ja labulen ɗakin duba hotuna, ta goge 'yar kyamarar da ke ƙarƙashin allon kwamfuta. Kyamarar nan ƙwayar idon likita take bi, don a san inda ya duba da inda ya tsallake. Inna kuwa aikinta ta hana likita motsi, kuma a nan gizo ke saƙa.

Hoton huhu da na'ura ke ɗauka ba guda ɗaya ba ne. Yanka-yanka ne kamar burodi, likita yana murza linzamin kwamfuta yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Sai an san inda ido yake, da yankan da ke kan allo a wannan lokacin, in ba haka ba an yi aikin banza.

Wata shekara ɗalibata ta kusa rasa digirinta saboda Babban Likita. Bawan Allahn nan da ya hango ƙari, wato kumburin cuta a huhu, sai ya zabura, ya kai hancinsa jikin allo, kyamara ta rasa idonsa daidai lokacin da ake nema. Aka kawo abin tokare haɓa, ya ce, "Ni rago ne da za a turke?"

Ɗaliba ta fita tana share hawaye. Inna ta shigo da bandeji.

"Ranka ya daɗe, haɓarka taka ce. Rigarka nake roƙo."

"Ki yi me da ita?"

"In ɗaure ta a kujera. In ka ga ƙari, ka gaishe shi daga nesa. Ba surukinka ba ne da sai ka rusuna."

Ya yi dariya har tabaransa ya goce, aka sake saitin kyamara daga farko. Ranar duk wanda ya leƙa ya ga Babban Likita yana zabura, riga tana dawo da shi. Ɗaliba ta samu abin da take nema, yau ita ma koyarwa take yi.

Inna, ke ce mai lallashin manya ba tare da kin zubar musu da girma ba. Sunanki bai taɓa hawa takardar bincike ba, amma babu wadda ta fita daga ɗakin nan ba da hannunki ba. A taron sallamarki, Babban Likita ya tsaya gaban kujera ya ce, "A ɗaure ni, ko yau an yafe mini?"

Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku masu tasowa, ku koyi haƙurinta. Bandejin yana nan a aljihun tebur, wanda ya gaje ta kada ya ji nauyin ɗaukowa.