Jirgin abokina a saman gidana

Wasu shekaru can baya, lokacin da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto ya fara shigowa Illela, abokina ne ya fara mallakarsa a unguwarmu. Mai ɗaukar bidiyon biki ne. Tare muka tashi, kuma sai na gaya muku wani abu tun yanzu don ku gane inda ciwon yake: kafin in auri matata, shi ma ya taɓa zuwa zance gidansu. Ni aka ba, ya haƙura, har da shi aka yi rakiyar ango. Amma zuciya ba ta mantuwa, tawa dai.

Wata Asabar aka yi ɗaurin aure a bayan layinmu. Da safe na ce wa matata yau zan raka abokina aiki, zan ga yadda ake tuƙa jirgin nan. Na je kuwa. Na tsaya kusa da shi har abin ya tashi yana ƙugi kamar taron zuma, mutane na ta salati. Daga nan sai aka fito da shinkafa. Ni kuma Allah ya yi ni da girmama shinkafar biki, sai na sulale na bi tire.

Bayan 'yan kwanaki ya zo shagona, inda nake sayar da kayan babur, yana nuna wa 'yan majalisa bidiyon a waya. Ana ta "kai, dubi masallaci", "ga hanyar Konni can". Can wani ya ce, "A'a, wanga ba gidanka ba ne? Ga shuɗin duron ruwanka nan."

Gidana ne. Tsakar gidana ce fes, har turmi ana gani. Ga matata tana shanya, ɗankwali ya zame baya. Ta ɗaga kai ta dubi jirgin, sai ta saki wani murmushi, ta ɗaga hannu tana kaɗawa, har da ɗan tsalle.

Jama'a, wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ido. Abokina ya yi sauri ya tura bidiyon gaba, amma ai an riga an gani. Wannan ya hau gyara hula, wancan ya tuna yana da aike. Abin da ke cina ba ɗankwalin ba ne. Murmushin ne. Wa ke riƙe da jirgin? Shi. Wa ke kallon allon a lokacin? Shi. To wa aka yi wa?

Abokina ya ce, "Ka yi haƙuri, iska ta ja shi, ban nuhi gidanka ba."

Na ce, "Iskar ta san hanya ke nan. Gidaje nawa ag garin ga, sai nawa?"

Ban tambayi matata ba. Ina! Girman kai ya bar ni? Sai na koma cin tuwo ina ɗaure fuska, in ta ce "Maigida, lahiya?" in ce lafiya lau. In na fita shago in ji ƙarar injin markaɗe sai in ɗaga kai sama. Har buhunan siminti na ɗinka na yi wa tsakar gida rumfa, iskar damina ta farko ta kwashe ta ta kai wa maƙwabta.

Ashe ba ni kaɗai ke ƙorafi ba. Wani ma ya sayo nasa jirgin, ya tashe shi ranar kasuwa a saman kara, wato inda ake cinikin dabbobi, shanu suka firgita suka yi kan mutane. Masu tsaron iyaka su ma sun ce ba su yarda a riƙa shawagi kusa da su ba. Ga dattawa na cewa bayin gidajenmu ba rufi, ina sirrin iyali? Sai ƙaramar hukuma ta kira zama a sakatariya, da masu unguwanni da masu jiragen.

Ni da ko taron zaɓe ba na zuwa, ranar ni ne a layin gaba da babbar riga. Wani dattijon Bafulatani ya yi bayanin yadda saniyarsa ta karye a ƙafa, a natse, ya zauna. Ni kuwa da na miƙe, sai ka ce limami. Na yi magana a kan mutunci, na yi a kan addini, na yi a kan tsaron ƙasa. Tsaron ƙasa fa! Ni da ba abin da nake tsaro sai murmushi guda. Abokina na zaune a gefe yana kallon takalminsa.

Aka tsai da magana: ba mai tashin jirgi sai da izini, ba a saman gidaje ba, ba kusa da kara ko iyaka ba, sai a fili. Wanda kuma ya riga ya ɗauki cikin gidan wani, ya goge. Ban bari an watse ba sai da na sa mai unguwarmu ya tsaya a kan abokina ya goge nawa, a waya da kwamfuta duka. Ya goge kuwa.

Na dawo gida ina taƙama. Na zauna a tabarma na ce mata, "To, daga yau jirgi ba ya ƙara bi ta saman gidan ga. Wanda kika ɗaga ma hannu sai shi nemi wani aiki."

Ta aje kwanon da ke hannunta ta dube ni.

"Au, ashe ka gani? Shi ne ba ka ce komi ba? Ni ina ta jira ka yi man zancen."

Na ce, "Zancen mi?"

Ta ce, "Ba kai kac ce za ka raka shi ba, ka ga yadda aka tuƙi? Da nij ji shi bisa gidanmu, sai nic ce lalle maigida ne yas sa aka biyo da shi shi leƙo ni. Kai nika ɗaga ma hannu mana. Wa nis sani can in ba kai ba?"

Na hau gyara zama a tabarma. Ta ce, "To kana ina lokacin?" Na ce ina wajen. Ban dai faɗi wane wajen ba.

Washegari na je gun abokina, na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe na tambaye shi ko akwai wani wuri da abin ya maƙale bai gogu ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai kas sa doka, ni ko na bi doka. Babu."

Dokar nan har gobe ina goyon bayanta. Gidan mutum ba wurin leƙe ba ne, kuma saniyar dattijon nan da gaske ta karye. Ni da abokina mun daɗe da shiryawa, shi ya ɗauki bidiyon sunan ɗana, daga ƙasa.

Amma kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Matata ba mai son hoto ba ce, in ka ɗaga waya sai ta rufe fuska da mayafi. Duk zamanmu sau ɗaya aka kama ta tana yi mini irin wannan murmushin, ba kunya, ba ɓoyo. Nawa ne, ni aka aiko wa. Abokina ya karɓa, ni ina can ina neman tsoka a cikin tire.