Kwalbar da Inna Ta Hana Ni

Inna ba ta taɓa yarda da firigona ba. Ranar da aka sauke shi daga amalanke ta zagaya shi sau biyu, ta buɗe, ta leƙa, ta rufe, ta ce akwati ne mai gurnani. Ni kuwa a lokacin ji nake na gama da duniya: malamar lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni, ga firigo a falo inda duk wanda ya shigo sai ya gan shi. Saboda ita ma na saye shi. Ciwon sukari ya kama ta, likita ya ɗora ta kan allura safe da yamma, maganin kuma ba ya shiri da zafi. Shi ya sa na ɗauko ta daga Illela, inda ta tsufa tana sayar da goro, na dawo da ita wurina.

Yayana da ke Yamai shi ke aiko maganin, kwalabe uku-uku, cikin kula da ƙanƙara, ta hannun direban motar fasinja. Kwalba ɗaya takan kai mu mako uku da 'yan kwanaki. Haka muke har shekarar korona. Aka rufe lakwal, aka rufe iyaka, aka hana motoci shiga da fita Yamai. Na zagaya farmasin garin da takunkumi a hanci, kowa ya ce irin nata ya ƙare. Na dawo na buɗe firigo na duba: kwalba ɗaya buɗaɗɗiya wadda ba za ta wuce kwana goma ba, sai biyu da ba a taɓa ba.

Sai masu wuta suka ga lokacin nasu ya yi. Dama mun saba da halinsu, su ɗauke da hantsi su dawo da la'asar, mu yi tsaki mu ci gaba. Wannan karon, ana tsakiyar zafin bazara, suka ɗauke kwana biyu cur, suka kawo ta rabin sa'a kamar mai leƙen maƙwabta, suka sake ɗaukewa. Rezon waya ma ya bi ta. In ina son jin muryar yayana sai na hau kan turmi a kusurwar katanga, na ɗaga waya sama, ya ce "Allo", na ce "Allo", shi ke nan hira ta ƙare. A rana ta uku na sa hannu cikin firigo na ji ɗumi kamar hammata. Tsoro ya kama ni, na gaske.

A bayan layinmu akwai wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara. Tana da sola a kan rufi, tana da gurup, injin wuta, da take tayarwa in rana ta faɗi, gidanta kaɗai ne a unguwar sanyi bai taɓa yankewa ba. Na ɗauko kwalabe biyun na naɗe a tsumma zan kai mata ajiya. Inna tana zaune kan tabarma, ta miƙo hannu kamar za ta duba wani abu. Na ba ta. Ta zare ɗaya ta cusa cikin lalitarta ta ɗaure.

"Inna, mene ne haka?"

"Guda taki, guda tawa. Jikina na aka tsira ma allurag ga, ba naki ba."

Na yi faɗa, ban ɓoye ba. Na ce wannan ba goro ba ne, magani ne na asibiti, an rubuta a jikin kwalinsa da Faransanci yawan sanyin da yake so. Ta ce ita ba ta iya Faransanci ba, amma ta yi shekara da shekaru tana kai goro kasuwar Badaguishiri a cikin rana mai narka kwalta, bai taɓa bushe mata ba. Na ce in kwalbar ta lalace ita za ta kwanta. Ta ce to, ita za ta kwanta. Na fita ina huci, ban ko ja ƙofa ba.

Hajiya ta karɓe ni hannu biyu. Na miƙa mata tsumman na ce, "Hajiya, don Allah ki sa min inda ya fi ko'ina sanyi. Ran Inna ne a ciki." Da bakina na faɗi haka, ba wanda ya sa ni. Ta ce in kwantar da hankalina, tsohuwata tsohuwarta ce.

Da na dawo na tarar Inna ta kwashe kayan ɗakin girki. Ta ɗauki babbar tukunyar ƙasa da muke jiƙa gero, ta zuba yashi a gindinta, ta zaunar da ƙaramar tukunya a ciki, ta cike tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi sharaf. Kwalbar tana cikin wani gwangwanin madara mai murfi, gwangwanin yana cikin ƙaramar tukunya, tare da buɗaɗɗiyar da muke amfani da ita. Ta rufe da tsohon buhun algarara na huhun goronta, shi ma jiƙaƙƙe, ta ja komai zuwa zaure inda iska ke ratsawa. Sau huɗu a rana take yayyafa ruwa, da tafin hannu, kamar yadda take yi wa goro. Ni ko kallon wurin ba na yi. In zan wuce sai na ɗauke kai.

Kwana shida buɗaɗɗiyar ta ƙare. Da safe na tafi gidan Hajiya. Ta ɗaga murfin konjelater, babban firigon da take daskarar da ruwa a ciki, ta dinga fitar da ledojin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙasa, tana faɗa min da alfahari cewa ko ruwan maigidanta ba ta sa a nan ba. Tsumman ya manne da bango, sai da ta ɓamɓare shi da cokali. Kwalbar ta daskare kamar dutse.

Na san abin da ke nan tun kafin in kai wurin majo, shugaban asibitin unguwarmu, amma na je, ko Allah zai sa ya ƙaryata ni. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya juya, ya ce maganin da ya daskare ya mutu, ko ya narke ba a tsira wa mutum shi. Ya nuna min layin da ke ƙarƙashin wanda na karanta wa Inna, a kwalin nan dai, da Faransancin nan dai: kada a bari ya daskare. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane su karanta jimla har ƙarshe. Ban ji haushin Hajiya ba ko kaɗan, ta ba ni wuri mafi daraja a gidanta, abin da na roƙa ke nan. Kaina na ji kamar in mara.

Na gaya masa batun tukunya, murya ƙasa-ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ce a ƙauyukan da ya yi aiki haka suke yi, in yashin bai bushe ba za ta iya kai wata guda. Ya ce in yi mata allurar, in auna, in dawo in faɗa masa.

Inna ta ga na shigo hannu wofi. Ta tashi da kanta ta ɗaga buhun. Kwalbar da ta ɗora min a tafin hannu sanyinta kamar na ruwan randa da asuba, ba fiye ba. Na ja maganin, na yi mata, ta ci tuwonta na ɗumame. Muka zauna a zaure. Ban taɓa ganin sa'o'i biyu masu tsawon waɗannan ba. Da na tsaga yatsanta na ɗiga jinin a na'urar awo, lambar da ta fito ita ce wadda muka saba gani a ranakun lafiya. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska na fito.

"Ƙaƙa akwatinki?" ta ce. "Hal yanzu shina kwana?"

Daga ranar na karɓi aikin yayyafi. In babu wuta famfo ma ba ya kawo ruwa, sai na masu amalanken jaki da ke ɗebowa daga rijiya, shi ma sai an yi sa'a. Duk jarkar da ta shigo gidan, tukunya ce ke fara sha, sannan Inna, sannan girki. Wanka na mayar da shi na buta ɗaya. Wata irin zuciya ta taso min a kwanakin nan wadda har yau ban rabu da ita ba. Na daina sauraron ihun unguwa in an kawo wuta. Na daina barin fitila a kunne don ta sanar da ni. Su kawo, su ɗauke, su haɗa da wayoyinsu su tafi da su, tsohuwata ba za ta kwanta don wani ya ga dama ba. Har firigon na zare daga bango, na zuba masa kwanoni da garin kuka, ya yi kyau da aikin kabad.

Maganin dai yana raguwa. Kullum da safe nakan ɗaga kwalbar in ga inda ya tsaya. Inna takan ce in daina kallon kwalbar kamar ana kallon jinjirin wata, kallo ba ya ƙara ta. Na hau turmi na faɗa wa yayana gaskiya a cikin guntayen maganar da rezo ya bari. Ya ce yana nan yana bin tasha kullum.

Saura abin da bai fi faɗin farce ba a gindin kwalbar aka buɗe hanya. Direban ya miƙo min kula a tasha, na rungume ta har gida. Wuta ta kwana biyu ba ta yanke ba a lokacin, na riga na kwashe kwanonin, firigo ya koma gurnaninsa. Na sa kwalabe biyu a ciki, can ƙasa, nesa da wurin ƙanƙara, kamar yadda majo ya nuna min. Ta ukun na kai zaure na durƙusa na miƙa wa Inna, ba ta tambaya ba.

Ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta dube ni. Na zaci yau zan sha abin da ta tara min tun ranar da na fita ina huci, na kuma shirya shanyewa. Sai ta ɗaga buhun, ta taɓa yashin da bayan yatsa, ta tura min buta.

"Madam," ta ce, "ƙaro ruwa. Ya hwara bushewa."