Gwadabe, Mai Duba Mana Hadari a Waya

Kafin Malam Gwadabe mai gyaran waya ya taɓa wayar kowa a rumfarsa ta bakin tashar Wudil, da sararin sama yake farawa. Zai buɗe manhajojin hasashen yanayi guda biyu, ya gwada su da abin da ya ji a rediyo, sannan ya tura wa manoman Darki da Achika saƙon murya kowace safiya. In manhajojin sun saɓa wa juna, ba ya ɓoyewa. Kullum kuma da "Allah ne masani" yake rufewa.

Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Baba Yelwa ce sila, mai sana'ar gumin shinkafa a Darki. Ƙaninta ya kawo mata tsarabar waya daga Jidda, aka nuna mata hoton rana a fuskar wayar, aka ce shi ke faɗin yadda gari zai yini. Ita kuwa ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Damina ta kankama, waya kullum rana take nunawa, ruwa kuma sai dukan shanyarta yake yi. Ranar da ta kawo wa Gwadabe ƙarar wayar, ta riga ta turara shinkafar da ta rage mata kaf, ta baza a fili. In wannan ta jiƙe, sana'a ta tashi.

Ya duba, ya yi murmushi. "Baba, wayarki ba ta yi ƙarya ba. Yanayin Jidda take gaya miki."

Ya mayar da sunan garin Wudil, sai ga alamar ruwa da la'asar. Ya nuna mata yadda ake dubawa, ya ce ta hanzarta gida. Ta kwashe shanyarta da rana tsaka, maƙwabta na tsokanarta wai yanzu waya ce ke aikenta. La'asar na yi aka kece da ruwa. Masu dariyar nan su ne da gudu da buhuna, har sai da ta fito ta taya su kwasa.

Malam Gwadabe, kai ne ka koya mana duba sunan gari kafin hoton rana. Kai ne ba ka taɓa ƙosawa da ɗan koyo ba, ko sau nawa ya dawo da tambaya ɗaya. Yanzu idanu sun gaji, ka ce za ka bar rumfa, kuma wallahi za mu yi kewarka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda ya iya latsa waya, ya zauna da wanda bai iya ba kamar yadda ka zauna da mu.

Saƙon safe dai bai tsaya ba. Da na jiya ya shigo, muryar Baba Yelwa muka ji tana cewa kowa ya kwashe shanya kafin azahar, ta kuma rufe da "Allah ne masani."