Jan Zanen Inna

Mu Kirista ba mu da yawa a Matameye. Majami'armu ɗakin ƙasa ce, kuma Inna, mahaifiyata, ita ke yi mata yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Zanen fitarta ɗaya ne, ja mai ratsin shunayya. Yayarta da ke zaune a Dungu ce ta kawo mata shi a ɓoye, lokacin da dangi suka daina cin abincinta don ta bi Almasihu.

Sai aka turo mana sabon pasto, mutum mai son jin muryar kansa. Wata Lahadi ya buɗe Littafi ya kawo labarin mata biyu: karuwa cikin ja da shunayya, ita ce ikkilisiyar ƙarya, da amarya cikin farin lilin, ita ce ta gaskiya. Yana faɗa yana kallon Inna. Ya ce daga mako mai zuwa, macen da ba ta sa fari ba ta tsaya a waje.

A gida na roƙe ta, na ce zan aro mata fari. Tsoro nake ji kada a kore mu daga wuri ɗaya da ya rage mana.

"Ke dai je ki ɗebo ruwa," in ji ta.

Ran Lahadi ta goge jan zanenta ta ɗaura. Pasto ya tare ƙofa.

"Mama, kin ji abin da Littafi ya ce."

"Na ji, ɗana. Waccan matar da zinariya take ado, jinin mutane take sha. Dubi hannuna. Zanen nan kuwa, ranar da kowa ya yar da ni aka ba ni shi. Ba zan tuɓe shi don kai ba."

Bai matsa ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi, daidai tagar majami'ar, ta ɗaga murya tana waƙa har ba a jin wa'azinsa sosai. Haka ta yi ta zama a waje. Da bazara ta zo, ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe bangon kamar kullum, masu fararen zannuwa suna tsaye nesa kada su ɓaci.

Ba ta sake shiga ɗakin ba sai da aka shigar da gawarta, kuma har yau abin yana cin raina. Pasto ya tsaya a kanta, tana cikin farin likkafani, ya ce ga amarya ta shirya. Ni kuwa ina sahun gaba, ɗaure da jan zanen, idona cikin nasa. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da addu'a.