Tsoho Mai Share Kwana

Duk shekara, ranar da tseren keken nan na gari zuwa gari zai ratso ta hanyarsu, mai faci yakan ga wani tsoho a kwanar da ke gaban rumfarsa. Yau ma ga shi ya sauko daga motar haya da tsintsiya a hammata. Siriri ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace, irin ta wanda ya taɓa karaya ɗorin bai zauna daidai ba. Ƙafar wandonsa ta dama tana cushe cikin safa, yadda masu keke ke yi don kada sarƙa ta kama, alhali ba da keke ya zo ba.

Yana duƙe yana share yashin da ruwan sama ya tara a kan kwalta, har yana tsince tsakuwa da hannu.

"Sannu Baba, hukuma ce ta ɗauke ka aiki?" in ji mai faci.

"Wace hukuma, ɗana? Tun ba a haife ka ba tseren nan ke bi ta nan. Kwanar nan ba ta da mutunci."

Mai faci na zaton nan tsohon ya taɓa faɗuwa a tseren, wataƙila ma yana kan gaba, amma bai tambaya ba.

Can sai ga 'yan tsere sun gangaro a dunƙule, jama'a na ta ihu. Tsohon ba ya tafawa, ba ya kallon fuskar kowa, tayoyi kawai yake kallo. Yatsunsa sun matse tsintsiyar kamar birki. Sai da na ƙarshensu ya sha kwanar lafiya, sannan ya saki.